Minti Uku na Direba Rediyo

Duk wanda ya taɓa hawa motar bas da ke tashi daga ƙarshen gari, ta ratsa kasuwa, ta je ta tsaya a ƙofar babban asibiti, ya san Rediyo. Shekara ashirin da shida yana jan wannan layi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da sanƙo a tsakiyar kai, ga murya kamar an ɗaura masa lasifika a maƙogwaro. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan tun yana sabon direba, don in ya buɗe baki da safe ba ya rufewa sai ya kashe inji. Wani bakanike a garejinsu yakan ce bambancinsa da rediyon gaske ɗaya ne kawai, shi ba a san inda ake murɗawa ya yi shiru ba.

Matarsa ce kaɗai ba ta kiransa da sunan. Maigida take cewa, in kuwa ya ɓata mata rai sai ta ce Direba. Ita ma surutun ne ya kamo ta. Tana budurwa ta hau motarsa za ta je neman aiki, ta zauna a kujerar da ke bayansa, ya kama ba ta labarin wata akuya da ta taɓa shigowa motar ta ƙi sauka. Kafin a kai ga yadda aka ƙare da akuyar, an wuce inda za ta sauka da tasha huɗu. Aikin bai samu ba. Har yau in sun ɗan saɓa takan ce, "Tun ranar farko ka fara jawo mini asara." Shi kuma ya ce, "Asarar da aka samu miji a ciki?"

Daga baya ta samu aikin girki a wata makarantar firamare, ta shekara goma sha tara tana dafa wa yara ɗari uku abincin rana. Yaran suka sa mata Maman Kicin, sunan ya biyo ta har gida, har mijin ya karɓe shi. 'Ya'yansu biyu sun girma sun yi aure a nesa. Su biyu suka rage a ɗaki da falo a hawa na uku na wani tsohon bene, inda famfon banɗaki ke kuka in an buɗe shi, kuma ana jin tarin maƙwabci ta bango.

Sai annoba ta zo.

A mako ɗaya aka rufe makarantu. Maman Kicin ta wanke manyan tukwanenta, ta kife su, ta kulle kicin, aka ce mata a jira sanarwa. Shi kuwa Rediyo aka ba shi takarda mai hatimi, wai yana cikin ma'aikatan da gari ba zai iya ba sai da su. Ya shigo gida yana ɗaga takardar sama.

"Maman Kicin, zo ki gani. Hukuma da kanta ta shaida ba a iyawa sai da ni. Ke kaɗai kike musu."

Ta yi dariya, amma hankalinta bai kwanta ba. Tana da ciwon asma tun tana yarinya, kuma kowa ya san irin waɗanda cutar ta fi kayarwa. Shi ma ya sani. Ba tare da sun yi doguwar magana ba ya jawo katifa zuwa falo. Kullum in ya dawo, a bakin ƙofa yake tuɓe kayan aiki, ya zuba su a bokiti, ya wuce wanka, sannan ya zauna can jikin taga, ita kuma tana bakin ƙofar ɗaki, su ci abinci kowa da kwanonsa kamar baƙi a tasha.

A wurin aiki kuma aka rataya leda mai kauri tsakanin direba da fasinjoji, aka ce kowa ya shiga ta ƙofar baya, aka ɗaure kujeru biyun gaba da igiya. Ga takunkumi a fuska. Mutumin da ya saba gaida kowa da tambayar jikin mahaifiyarsa, yau sai dai ya ga idanu a madubi. Maman Kicin ta lura da shi a kwanakin farko, ya dawo ya zauna yana kallon tafin hannunsa, shayi na hucewa a gabansa. Ba ta taɓa ganinsa haka ba, abin ya fi ba ta tsoro a kan tarin maƙwabci.

Bai daɗe a haka ba. Ya gano cewa in ya ɗaga murya sosai ana jinsa ta ledar. Fasinjojin motar farko ba su wuce goma sha biyu ba yanzu, kuma kullum su ne dai: mata uku masu goge-goge a asibiti, wani dattijo mai gadi, masu jera kaya a babban kanti, da wani dogo mai gasa burodi. Cikin wata ɗaya ya san wadda mijinta ya rasa aiki, da wanda ke kwana a baranda don kada ya shafa wa jikoki, da wadda hannuwanta suka tsage saboda ruwan magani. Da yamma ya kwaso duka ya juye wa matarsa, har ta san su kamar ta taɓa ganinsu.

A wata na huɗu suka rasa bakaniken nan mai tsokanarsa. Kwana tara ya yi a asibiti. Ba a bar kowa ya je ba. Rediyo ya ce ranar da aka faɗa musu a gareji, ya tayar da mota ya kai tasha uku bai san yana tuƙi ba.

Abin da ya riƙe gidaje irin nasu a lokacin shi ne tallafin da majalisa ta amince da shi a farkon annobar. Waɗanda aikinsu ya tsaya, irin Maman Kicin, ana ba su wani abu duk wata. Waɗanda ke fita aiki dole, irin mijinta, an ƙara musu alawus na hatsari, kuma in mutum ya kamu ko aka killace shi, zai zauna a gida albashinsa na tafiya. Da shi ake sayen maganin shaƙarta, da shi tukunya ke hawa wuta. To amma an yi dokar ne da wa'adi, kuma wa'adin zai cika a ƙarshen wata, alhali makarantu na rufe, asibiti na cike.

Wata ranar Talata ya dawo da wuri, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara kira.

"Maman Kicin! Sakataren ƙungiyar direbobi ya kira ni ofis. Kwamitin majalisa zai saurari ma'aikata ranar Alhamis ta sama, kan a tsawaita tallafin ko a bari ya mutu. Direbobi sun ce ni zan yi magana a madadinsu."

"To, ai sun iya zaɓe. Allah ya ba 'yan majalisa haƙuri."

"Akwai dai wata 'yar matsala." Ya sosa sanƙonsa. "Wai kowa minti uku."

Ta yi dariya har ta sarƙe, sai da ta nemo abin shaƙarta. Yana tsaye daga nesa yana cewa, "Yi a hankali mana, ke kuwa," ba halin ya matso ya bubbuga mata baya.

Ita ta ɗauki nauyin horar da shi. Tana da wani ɗan agogon kicin da ake murɗawa ya yi ƙara in lokaci ya cika, wanda take auna dahuwar ƙwai da shi. Ta ajiye shi a kan kujera a tsakaninsu ta ce ya fara. Ya miƙe, ya gyara murya, ya gaida shugabar kwamiti, ya gaida mataimakinta, ya gaida sauran, ya yi musu fatan sun baro iyali lafiya, ya fara bayanin shekarar da ya karɓi lasisi da irin motar da ake ja a lokacin. Agogo ya yi ƙara.

"Wannan agogon ya lalace," in ji shi.

"Agogona lafiyarsa ƙalau. Ko tallafi ba ka ambata ba."

"Ai shimfiɗa nake yi."

"Shimfiɗa ka yi, baƙo ya tafi bai zauna ba. Sake."

Kwana takwas suna wannan fama. Abin da ya ƙara dagula lissafi, ya je ya faɗa wa fasinjojinsa, kowa kuma ya ba shi saƙo ta ledar. Mai gadi ya ce a faɗa musu shi bai taɓa fashin aiki ba ko sau ɗaya. Babbar cikin masu goge-goge ta ce, "Ka ce musu mu ne muke shiga ɗakin bayan an fitar da gawa." Mai burodi ya ce a ambaci ƙaninsa da aka sallama daga otal. Rediyo yana so ya saka duka, har da sunayen 'ya'yansu. Maman Kicin ta zauna da biro tana tsigewa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, yana kukan an yanke masa wuri mafi daɗi.

A rana ta biyar ne suka yi faɗa na gaske. Ya ce zai ba da labarinta. Ta ajiye biron.

"Wane labarin nawa?"

"Yadda kike tashi kullum ki ɗaura rigar aiki, ki dafa abin da mu biyu ba za mu iya cinyewa ba ko a mako..."

"Direba, kada ka soma."

Gaskiya ya faɗa. Hannunta bai iya auna girkin mutum biyu ba, ya saba da ɗari uku. Tun da aka rufe makaranta, da zarar gari ya waye jikinta ke tashinta, ta ɗaura rigar girki, ta ɗora babbar tukunyar gidan. Abin da ya yi saura ta zuba a robobi, ta bi bene tana ajiyewa a ƙofofin maƙwabta, ta ƙwanƙwasa ta gudu. Ba ta son a san zaman yana cinta. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, da ƙarfinta, a ce tana jiran a turo mata na cefane, wannan kaɗai ya ishe ta kunya, balle a kai ta gaban majalisa.

"Ni ba abar tausayi ba ce," ta ce. "Ka je ka yi maganar direbobinka."

Ya dube ta. "Shi ke nan, na bari," ya ce. Ta tashi ta shiga ɗaki. Can anjima ta ji yana karanta jawabin a hankali shi kaɗai, yana murɗa agogon da kansa.

Ranar Alhamis ta goge masa kayan aikinsa, don ya ce ba zai sa wasu ba. Ta ce za ta raka shi, ya ce asma, ta ce takunkumi biyu za ta sa, kuma wa zai dalla masa harara in ya fara labarin lasisi?

Ɗakin sauraron bai kai girman da ta zata ba. Dogon tebur mai lanƙwasa a gaba, 'yan majalisa bakwai a zaune nesa da juna, wasu huɗu kuma a allon talabijin daga gidajensu, ɗaya ma silin ɗakinsa kawai ake gani. An jera kujerun jama'a da tazara, an manna takarda a kan waɗanda ba a zama. A gaban mai magana akwai wata 'yar fitila, kore in ka fara, ja in lokacinka ya ƙare. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi magana, sai wani mai gidan abinci da ya rufe, sai aka kira direba.

Maman Kicin ta ga ƙafarsa ta dama tana motsi a ƙarƙashin tebur kamar mai neman birki. Amma muryar ta fito daidai.

"Ranki ya daɗe, ina gaishe ku duka a dunƙule, don an hana ni gaisuwa ɗaya-ɗaya. Ni direban bas ne. Motata ce ke fara isa asibiti kowace safiya. Tun da cutar nan ta zo mutum goma sha biyu nake ɗauka, kuma ba wanda ke hawa don yawo. Uku daga cikinsu su ne ke wanke ɗaki bayan an fitar da wanda ya rasu. Sun ce in faɗa muku haka, na faɗa. Kun kira mu ma'aikatan da ba a iyawa sai da su, kun ba mu takarda, mun gode. Mun fita. A garejinmu mun rasa mutum biyu, ɗaya abokina ne, shi ke duba mini birki shekara ashirin.

"Abin da nake so ku gane shi ne wannan. Yau in na tashi da zazzaɓi, zan kira ofis in ce ba zan zo ba, don na san gidana ba zai kwana da yunwa ba. In kuka bar dokar nan ta mutu a ƙarshen wata, ranar da na tashi da zazzaɓi zan sha magani, in sa takunkumi, in hau mota. Ba don mugunta ba. Kowane direba haka zai yi, da mai burodi, da mai jera kaya a kanti. Kuma mutanen da zan ɗauka asibiti za su. Waɗanda aikinsu ya tsaya kuwa, ba su suka rufe wuraren ba, ku kuka ce a rufe, kuma kun yi daidai. To wuraren suna nan a rufe. Cutar ba ta san wa'adi ya cika ba. Ku tsawaita shi har a buɗe, shi ne roƙonmu."

Ya gama. Fitilar tana nan kore. Ya dube ta, ya juyo ya dubi matarsa da mamaki, kamar wanda ya iso tasha kafin lokaci bai san abin da zai yi da ragowar ba.

Wani ɗan majalisa mai farin gilashi ya jawo abin magana. Ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma baitulmali ba rijiya ba ce. Sannan ya ce, "Malam direba, ba ka ganin in aka ci gaba da biyan mutane suna zaune a gida, da yawa za su ji daɗin zaman su ƙi komawa aiki?"

Rediyo ya juya ga shugabar kwamiti. "Ranki ya daɗe, ita ma amsar tambaya minti uku ce?"

"A'a, ba a ƙayyade ba."

Maman Kicin ta dafe kai. Wasu a ɗakin suka yi dariya ba su san abin da ke tafe ba. Amma bai fara nan take ba. Sai ya waiwayo gaba ɗaya, kujerar na ƙara, ya zuba mata ido. Ta san abin da yake tambaya. Tambayar mai gilashin ta riga ta ɓata mata rai. Ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Ya ba su labarinta. Yara ɗari uku, shekara goma sha tara, yadda ta san wanda ba ya cin albasa da wanda ke zuwa makaranta ba karin kumallo, ta ɗan ƙara masa a ɓoye. Yadda take ɗaura rigar aiki a gida don ta dafa wa mutum biyu. Yadda take bin ƙofofi da robobi, ta ƙwanƙwasa ta gudu, ga asma, ga bene hawa uku. "Ranka ya daɗe, ga ta can da takunkumi biyu. Ka buɗe mata makaranta gobe, ka ga ko za ka riga ta isa ƙofa."

Da a nan ya tsaya da an ce ya gama lafiya. Sai ya tuna da ƙanin mai burodi, daga nan ya faɗa kan mai gadi, daga mai gadi ya gangara kan yadda ledar motar ke yin gumi ta hana ganin madubi. Sai da shugabar ta ce, "Mun gode, direba," sau uku, na ukun tana murmushi har ana gani a idonta.

A matakalar fita Maman Kicin ta ce, "Me ya kai ka maganar albasa?"

"Ai shi ne wurin da ya fi kama su."

Ta kai hannu ta kakkaɓe masa kafaɗa, ko da babu abin kakkaɓewa. Rabon da ta taɓa shi wata biyar ke nan.

Majalisa ba ta yi sauri ba. Aka yi ta ja-in-ja har wa'adin ya cika, tallafin ya tsaya cak na mako uku, makonnin da tukunyar Maman Kicin ta koma ƙarama, robobi suka daina sauka bene. Ƙungiyoyi suka yi ta aika wasiƙu, mutane suka yi ta kiran ofisoshin wakilansu. Daga ƙarshe aka tsawaita na marasa aiki da hutun jinya zuwa wata shida, alawus na hatsari kuma aka rage shi. Mai gilashin bai goyi baya ba. Ɗaruruwan mutane ne suka yi ta bugun ƙofar nan kafin ta buɗu, amma in ka ji labarin a bakin Rediyo, za ka rantse shi kaɗai ya tura ta da kafaɗa.

Wata biyu bayan haka ya tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ya kira ofis ya ce ba zai zo ba. Gwaji ya nuna cutar ce. Suka yi musanya, shi a ɗaki ƙofa a rufe, ita a falo, tana ajiye masa kwano a bakin ƙofa tana sauraron numfashinsa ta katako. Kwana goma sha shida ya yi, ya fito ya rame, wando na zame masa. Ita ba ta kamu ba, kuma ba wanda ya kamu a cikin mutum goma sha biyun nan.

Da aka buɗe makarantu, ta tarar gizo-gizo ya yi gida a tukwane, buhun gishiri ya daskare kamar dutse. Yaran sun yi tsawo, wasu haƙoransu sun fita, wasu ba su dawo ba sam, iyayensu sun bar garin. Ta yi aikin ranar da mataimakiya ɗaya maimakon uku. Ta dawo gida ƙafafu a kumbure, tana hawa bene tana hutawa a kowane hawa.

Tun daga hawa na biyu ta ji ƙauri. Ranar hutunsa ce, ashe ya shiga kicin, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Shinkafar ta caɓe a sama ta ƙone a ƙasa, miyar kuma kamar an juye mata gishirin gidan duka. Ya ɗaura tawul a ƙugu, fuska duk gumi, ya jawo mata kujera kusa da tasa.

"Zauna, ma'aikaciya. Yau ke ake yi wa hidima."

Ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, ta nemi ruwa.

"Yaya?" ya ce.

"Maigida, ka riƙe tuƙinka da kyau."

Ta cinye kwanon tas, ta miƙa masa ya ƙara mata daga saman, inda bai ƙone ba.